Sartifikar SQL da Mahamadu Abdu Huɗu na Belbeji

Zuwa ga Shugaban Ɗaukar Ma'aikata na furojen tallafa wa makiyaya da ke aiki a Damargu,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan buronku na Tanout. Ina aiki, ina zafin bana? Allah ya kai mu damina lafiya.

Sunana Balkisa, haifaffiyar Falanko. Ba na zaton sunan zai tuna maka da kowa, ko da yake shekara bakwai na yi ina yi wa furojenku aiki. Ina cikin waɗanda ke ɗaukar tabilet su bi rijiyoyi da rugage suna rubuta makiyaya da dabbobinsu, aikin wata uku-uku, in ya ƙare a ce mu koma gida sai an neme mu. Sau biyu na rubuto maka takarda a rufe, na ba mai gadi hannu da hannu, har yau shiru. Shi ya sa wannan na bar ta a buɗe kowa ya karanta. Kada ka ɗauka kuka na zo yi, don wallahi cikin farin ciki nake rubutun nan. Abin da ya taso ni shi ne sanarwar da aka sake liƙawa a ƙofar buronku. Kuna neman mai kula da rumbun bayanai, kuma sharaɗin bara yana nan daram: wanda ba shi da sartifikar SQL kada ma ya kawo dosiye, wato takardunsa na neman aiki.

Saboda masu karatu da ba aikinsu ba ne, SQL harshe ne da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi a kwamfuta. Sai ka ce ya fito maka da duk gidajen da ke shayarwa a rijiya kaza waɗanda ba a yi wa dabbobinsu allura ba, nan take ya jero su. Sartifika kuwa ita ce takardar da ake ba wanda ya ci jarrabawar harshen.

Na farko, bari in tuna maka yadda kuka yi da ni bara.

A buronku na koyi SQL, wajen matar da ta riƙe rumbunku kafin a mai da ita Yamai. Ta ga ba na barin bayan kujerarta in mun dawo daga daji, sai ta gaji da ni, ta ba ni tsohuwar kwamfuta da kwafin tsohon rumbu ta ce in je in yi ta ɓatawa har in iya. Shekara uku ina ɓatawa ina gyarawa. Daga baya in ta yi tafiya ni take bar wa aikin. Rahotannin da ka sa wa hannu na damina biyu a jere, ni na ciro abin da ke cikinsu, ko da yake sunana bai fito ko a gefen shafi ba.

Da ta tafi kuka fitar da sanarwar kujerarta, na ce to, wahalar wata uku-uku ta ƙare. Na nemi in yi jarrabawar da kuke so. Ta intanet ake yin ta, tana son katin banki, tana son kyamara ta kalle ka, tana son rezo, wato layin intanet, ya tsaya awa biyu cur bai motsa ba. Ranka ya daɗe, a Tanout kake zaune, ka san rezon garin nan. Na samu katin wani ɗan'uwana ɗan kasuwa, na zauna, na kai tsakiya, rezo ya ɗauke. Da ya dawo na'urar ta rubuta cewa na tashi na bar ɗakin jarrabawa. Don haka na kawo dosiyena ba sartifika, na haɗa da takarda ina roƙon a zaunar da ni gaban kwamfuta a gwada ni. Wata da ke cikin buron ta gaya mini yadda aka yi tantancewar: tsibi biyu aka yi a ƙasa, masu takarda da marasa takarda, tsibi na biyu ko buɗe shi ba a yi ba. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ba rashin kujerar ya fi yi mini ciwo ba, sai dai a ce shekara bakwai ba ta kai a ɗaga shafi ɗaya ba.

Na biyu, kun ɗauko mutum daga Yamai mai sartifika har uku. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba zan ci mutuncinsa ba, don ya iya aikinsa, a wasu wuraren ma ya fi ni nesa ba kusa ba. Kafin rabon dusa da angurya na bazara kuka ce ya tace jerin makiyaya don kada wani ya karɓa sau biyu. Ya rubuta umarni mai tsabta: duk inda aka samu mutum biyu da suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, a bar ɗaya a goge sauran. Haka aka koya masa, kuma a inda ya koya daidai ne.

Abin da ba a koya masa ba, kowace mai tallar nono a Belbeji ta sani. Dattawanmu na daji ba su da ranar haihuwa. Ranar kasuwa ake zuwa yi musu takarda, mai rubutu ya ɗaga kai ya dubi fuska da furfura, ya yanke shekara, ya rubuta ɗaya ga Janairu. Duk wanda aka yi wa takarda a haka, ɗaya ga Janairu aka haife shi. Sa'o'in juna kuma da suka shiga layi tare, shekara ɗaya ake ba su. Ga sunayenmu ba yawa gare su ba. A kewayen Belbeji kaɗai na san Mahamadu Abdu huɗu masu ranar haihuwa ɗaya, kowa da rijiyarsa, kowa da iyalinsa da garkensa. Na'ura ta bar ɗaya ta share uku, kuma ba su kaɗai ta share ba.

Ranar rabon an kira ni aikin yini, in riƙa kiran sunaye. Ina tsaye da takarda a hannu wani dattijo ya matso, ɗaya daga cikin ukun nan. Yini ɗaya da rabi ya yi a hanya da jakuna biyu, ya baro shanun da sai an kama wutsiya an taimaka musu suke iya tashi. Na duba sama, na duba ƙasa, babu shi. Ya dube ni ya ce, "Ƴata, ke kika rubuta ni da hannunki a bakin rijiya, har nono kika sha a gidana. To mutuwa na yi ba a sanar da ni ba?" Mutane suka fashe da dariya. Ni kam kunya ta hana ni ɗaga kai, don a idonsa ni ce furoje, bai san wani buro ba.

Na uku, wanda ya gyara ɓarnar.

Na je na samu ma'aikacin naku a ɗakin da aka ajiye kwamfuta, na tarar gumi ya gama jiƙa shi, waya sai ƙara take. Na ce ya ba ni kujera. Allah ya saka masa, bai yi girman kai ba, ya tashi. Mu masu bin daji muna da wata al'ada da matar nan ta dasa mana: a gurbin ƙarin bayani, wanda ba dole ne a cika ba, kullum muna rubuta rijiyar da mutum ke shayarwa da shaidar da ke jikin dabbobinsa, ƙunar wuta ce a cinya ko yankan kunne, kuma wane iri. Makiyayi da haka ake sanin sa, ba da ranar haihuwa ba. Shi kuma da ya ga gurbin cike da rubutu barkatai, Hausa a nan Faransanci a can, sai ya ɗauka shara ce ya ajiye shi gefe.

Na ɗauko tsohon jeri na haɗa da sabon, na ce wa rumbun ya fito mini da duk wanda aka goge alhali rijiyarsa ko shaidarsa ta bambanta da ta wanda aka bari. Kafin la'asar sunaye suka fito, kowa da rijiyarsa a gefe. Dattijon nan ya ɗora buhunansa a kan jakuna ina kallo. Mutumin naku yana tsaye a bayana ya ce, "Yaya, wallahi ba wanda ya gaya mini haka abin yake a nan." Na ce ai ba laifinka ba ne, waɗanda za su gaya maka an bar su a tsibi na biyu. Shi da kansa ya roƙe ku ku riƙe ni mu yi aiki tare. Amsar da ta fito daga teburinka ita ce doka daga sama take, a yi mini godiya. Wasu makiyayan kuwa sun riga sun juya kafin gyaran ya fito, sai da aka yi kwanaki ana bin su. Dabba nawa ta kwanta ba ta tashi ba a kwanakin nan, ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Ku ma ba ku bincika ba.

Na huɗu, ga inda farin cikina yake. Bayan damina wata ƙungiya a Damagaram ta nemi mai irin wannan aikin. Ba su yi tsibi ba. Duk wanda ya zo sun zaunar da shi gaban kwamfuta, suka ba shi jeri a hargitse da awa ɗaya. Muna ɗaki ɗaya da masu sartifika, ina jin yatsunsu na gudu a kan na'ura tun kafin in gama karanta shafin farko. Ni kuwa hannu na fara ɗagawa, na tambayi mai gwajin ko ranakun haihuwar nan na gaskiya ne ko na ranar kasuwa. Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce in ci gaba. Kwana huɗu bayan nan aka kira ni. Aiki ne na dindindin, da hutu, da kujerar da ba a ce mini in tashi mai ita ya dawo. Da na kira mahaifiyata a Falanko sai da maƙwabta suka shigo jin abin da ya faru, saboda guɗar da ta rangaɗa. Ni ma ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Wata shida da fara aiki suka tura ni in yi jarrabawar nan, a ɗaki mai rezon da ba ya yankewa. Na ci, kuma da maki mai kyau. Don haka yau ina da bakin magana, na zauna a tsibi biyun duka. Ba zan ce takardar banza ce ba, ƙarya zan yi. Shirin jarrabawar ya koya mini yadda ake sa tambaya ta yi sauri a babban rumbu, da yadda ake kulle bayanai kada a goge su da kuskure, abubuwan da da kame-kame nake yi. Duk ƙanwa ko ƙane da ya tambaye ni, ina ce masa in ya samu hali ya yi, don burori irin naku suna da yawa kuma ita ce ke sa a buɗe dosiye. Amma daga tambayar farko har ta ƙarshe babu inda aka tambaye ni ko abin da ke cikin rumbun gaskiya ne. Takardar tana shaida cewa mutum ya iya yi wa na'ura magana. Ba ta ce ya san mutanen da ke cikin jerin ba.

Na biyar, makon da ya wuce mataimakinka ya kira ni. Ashe mutumin Yamai ya gama wa'adinsa ya koma gida, ashe kuma labarin sartifikata ya iso Tanout. Cikin fara'a ya ce mini tunda yanzu na cika sharaɗi in kawo dosiye, kujerar tawa ce. Ranka ya daɗe, sai da na zauna don dariya. Abin da kuke bukata a wurina, ina da shi tun ranar da nake tsaye a rana ina kiran sunaye a Belbeji. Na ce masa zan ba da amsa a rubuce, to ga ta: na gode, ba zan zo ba. Ina inda aka gwada ni kafin a tambayi takardata, kuma nan zan zauna.

Abin da nake roƙo ba don kaina ba ne.

Ɗaya, ku gyara sanarwar nan. Sartifika ta zama ƙarin maki ga mai ita, kada ta zama dalilin ƙin buɗe dosiye.

Biyu, ku zaunar da kowane mai nema gaban kwamfuta, ku ba shi jeri na gaske daga Damargu, da duk hargitsinsa, ku ga abin da zai yi da shi. In doka daga sama take kamar yadda aka ce, to kai ne kake da bakin da sama ke ji. Ka rubuta musu abin da ya faru ranar rabon dusa, in ba a riga an rubuta ba.

Uku, kada a sake goge sunan makiyayi daga jeri sai an tambayi wanda ya rubuta shi.

A ƙarshe, ranar Litinin mutum biyu za su kawo dosiye buronku, Ramatu da Sule, abokan bin dajina. Babu mai sartifika a cikinsu. Tun bara nake koya musu abin da aka koya mini, kuma babu rijiya tsakanin Tanout da Belbeji da ba su sha ruwanta ba. Ban ce ku ɗauke su ba, na ce ku gwada su tare da kowa. In suka faɗi, zan dawo nan inda na buga wannan wasiƙa in ba ka haƙuri a gaban jama'a, da sunana. In kuwa aka sake ajiye su a ƙasa ba a buɗe ba, Damagaram ba ta da nisa, ni da kaina zan tarbe su a tasha.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da kujerarka lafiya, ya haɗa ka da ma'aikata nagari, ya kuma ba ka ikon gane su in sun zo.

Wassalam,

Balkisa ƴar Falanko,
mai kula da rumbun bayanai, Damagaram.