Kwalbar Baba Dung

Manchester, 4 ga Maris, 2013

Yaya Zinatu,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na ɗora miki damuwata, ga naki hidimomin. Ya jikin Malam Ashafa, ya yara, ya sanyin Sparkhill? Na kasa faɗin maganar nan a waya, shi ya sa na rubuto.

Kin san tun da kansil, wato hukumar gari, ta rufe gidan tsofaffin da nake aiki, wani kamfani ke tura ni gida-gida. Cikin waɗanda nake kula da su akwai Baba Dung, tsohon likita mutumin Jos, Kirista, mai kirki. Shi ya ba ni lungun ƙarƙashin bene in riƙa sallar azahar. A watan Yuli na lura da wata kwalbar jar giya kwance bisa wata kanta, daidai alƙiblata. Ban tambaye shi ba. Na sa tawul na ɗauke ta don kada hannuna ya taɓa, na tsayar da ita a kabad ɗin boila, injin ɗumama ruwan gida, na manta.

Jiya ya ba ni labarinta. Daga Bordeaux ta Faransa take, wai a jerin manyan giya da suka tsara tun 1855 tana aji na biyu. Marigayiya matarsa ce ta saya shekarar da aka haifi 'yarsu Monica. Ya ce in an buɗe, ƙamshin ɗinya nunanniya ke fara zuwa, sai na fensir da aka fiƙe, sai na ƙasar Jos a ruwan fari, kuma tana barin bauri a harshe irin na goro. Yana dariya ya ce aƙalla goron na sani. Sannan ya ce dole ta zauna kwance a wuri mai sanyi don matoshin ya jiƙu, zafi kashe ta yake yi.

Yaya, wata takwas ke nan tana tsaye jikin boila.

Likitoci sun daina masa magani. Ran Juma'a Monica za ta iso daga Kanada su buɗe. Na san haram ce, amma amanar gidansa aka ba ni. In 'yar ta kai ƙara kamfani, gobe-gobe za su cire sunana. Ki tambayar mini Malam abin da ya kamata in yi, ba sai kin ce ni ce ba.

Ƙanwarki,
Kubura

9 ga Maris

Yaya Zinatu,

Ina gaishe ku duka. Amsarki ba ta iso ba, Juma'a ta riga ta.

Da safe ina gyara masa filo na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallon bas-bas ta taga. Abin da ya ce kawai, in nuna wa Monica kabad ɗin kafin ta je ƙarƙashin bene, zai ce shi ya sa aka mayar.

Da Monica ta iso ta ja matoshin sai ya ruguje. Abin da ya zubo ba ja ba ne, ruwan ƙasa ne kamar shayin da ya kwana. Ta kurɓa, na ga fuskarta ta canja, ta juyo ta dube ni. Shi kuwa ya kurɓa, ya lumshe ido, ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya, ɗinyar da fensirin da ƙasar Jos. Ya ce uwarta ta iya zaɓe. Monica ta shanye nata tana hawaye, ta ce haka ne, Baba.

Yaya, ni ke dafa masa abinci. Tun Kirsimeti ba ya bambance gishiri da sukari.

Da zan tafi ya sa hannu a takardar aikina, ya ce ran Litinin in shimfiɗa dardumata a inda na saba, yanzu babu komai a gabana.

Ya yi ƙarya don ya rufa mini asiri, ni kuma na yi shiru a gaban 'yarsa. Laraba za ta koma. In faɗa mata, ko in bar masa abin da ya shirya? Don Allah ki ba ni amsa kafin Laraba.

Ƙanwarki,
Kubura