Tafin Hannun Baba a Siminti

Zurmi, 3 ga Maris, 2001

Yaya Jibrin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin hoto? Jikin Baba dai sai addu'a, ko kunu ba ya wucewa. Magana ɗaya ya riƙe: tsohuwar gadar hanyar Shinkafi, wadda suka gina yana lebura. Ya ce ya danna tafin hannunsa a ɗanyen simintinta, yana son ya gani kafin ya tafi. Don Allah ka ɗauko mashi hoton. Na san ka da jan ƙafa, wannan karon ban da shi.

Ƙanwarka,
Suwaiba

Ƙaura Namoda, 12 ga Maris

Suwaiba,

Wa alaikumus salam. Ki gaida Baba da jiki. Wallahi ban ja ƙafa ba, washegari na hau babur. Na yi ta ɗaukar kwaltar tun daga Ƙaura, kowace lanƙwasa, don ya ga hanyarsa duka, na bar wa gadar hoton ƙarshe na fim ɗin.

Ashe sabuwar gwamnati na gyaran hanya. An gitta durom-durom da waya, ga masu tsaro, an hana shiga. Na roƙa, suka kore ni. Sai na zagaya ta busasshen gulbi.

Na gan shi, Suwaiba! Yatsu biyar raɗau. Na sa hannuna a ciki, nawa bai cika shi ba. Ina ɗauka suka cafke ni, wai leƙen asiri nake. Kwana huɗu ina tsare. A gabana suka zare fim ɗin suka shanya a rana, komai ya ƙone. Gadar kuma jibi za a rushe ta.

Ban san da wane ido zan dubi Baba ba. Raina ya ɓaci, na rasa abin yi. Ki ce mashi ana wanke hoton, in samu in yi dabara.

Yayanki,
Jibrin

Zurmi, 15 ga Maris

Yaya,

Salamu alaikum. Ba sai na yi ƙarya ba. Allah ya yi wa Baba rasuwa ranar Alhamis ta makon jiya, kana tsare. Mun aika Ƙaura, shagonka a rufe.

Tun Talata bai ƙara zancen hoto ba. Duk babur da ya wuce sai ya ɗaga kai ya ce, "Jibrin ne?"

Allah ya ba mu haƙuri.

Suwaiba