Maganata da Ta Tsufa a Cikin Kwamfuta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Ajiyar Fayil, Dutse.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ni ne Baba Haruna, tsohon masinjanku na ɗakin fayil. Ban yi boko ba, 'yata ke rubutawa ina faɗa, amma babu fayil ɗin da ban san kwanciyarsa ba.

Na farko, murna nake har na kasa zama: ashe sunana yana cikin kwamfuta! Lokacin da aka kawo ta, Malam Isiyaku, mai rubuta mata umarni, ya zaunar da ni ya tambayi yadda muke ajiya. Na ce fayil ɗin mamaci jan zare muke ɗaura masa, ba ya motsi sai an raba gado. Ya tsara mata haka, ya kuma rubuta bayani a gefen umarnin don masu zuwa: in ji Baba Haruna. Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba! Wallahi duk mutanen garinmu Aujara sai da na ba su labari.

Na biyu, ga inda aka ɓata min. Bayan an yi wa Malam Isiyaku canjin aiki, wanda ya gaje shi ya sauya umarnin, yanzu kwamfuta kwashe fayilolin matattu take ta kai wani wuri. Bayanin gefe kuwa ya bar shi yadda yake. Ita tana yin wani abu, ni ina can ciki ina rantsuwa da wani.

Iya Talatu, matar marigayi Malam Buba, ta yi ta sintiri neman takardar gonarsu. Ma'aikatanku sun duba kwamfuta ba su ga fayil ɗin ba, suka karanta bayanin, suka ce Baba Haruna ya ce ba a motsawa, tunda ba ya nan, ke nan ba a taɓa yin takardar ba. Har gida ta same ni, ta ce ni na cinye mata gona. Ranar Alhamis alƙali zai raba gadon.

Roƙona: wanda ya taɓa umarni ya taɓa bayaninsa a zama ɗaya, in ba zai iya ba ya cire sunana. Takardar Iya kuwa, ta ainihin tana kabad na uku, ƙasa, bayan fayilolin garin Garki. Ni na ajiye ta. A aika a buɗe yau, Laraba ma ta yi nisa.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya zuri'a.

Wassalam, naka,
Baba Haruna.