Ina Ɗigon Damisata?

Zuwa ga Manajan kamfanin tafiye-tafiyen nan da ya kai ni Indiya aikin ido, wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda na san kakarsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da iyali da injin sanyin ofishinka. Ni ce tsohuwar nan ta Unguwar Rogo da kunka manna hotonta a ƙofarku, mai lulluɓe da mayafi har ƙirji, dabba na wucewa bayanta. Na zo ofis anka ce ka fita, na sake zuwa anka ce kana taro, alhali ga takalmanka bakin ƙofa. Shi ya sa na ɗauko ɗan karatun yaƙi da jahilcina na rubuto inda kowa zai gani. Kai sa'an jikana ne, don haka ka daure, kaka ba ta laifi.

Na ɗaya. Aikin ido ya yi kyau, alhamdu lillahi. Yanar da ta rufe ni an cire ta, yanzu har tsakuwar cikin shinkafa ina gani, surukata kuwa ba ta ji daɗin haka ba. Wannan ba shi ne ƙarata ba. Ƙarata ita ce takardar tallarku, inda kunka rubuta da Hausa baƙi a kan fari cewa bayan an sallami majinyaci za a kai shi gandun daji ya ga damisa. Wagga kalma ita ta ja ni. Tun ina budurwa nake ba yara tatsuniyar damisa. A ɗakin kakana akwai buzun fatarta, a kansa na koyi rarrafe, na san ɗigonta awa yadda na san tafin hannuna. Amma maigidana Abdullahi, wato jikana mai faɗuwar haƙora, kullum sai ya katse ni ya ce ai Kaka ba ki taɓa ganinta da rai ba. Na rantse masa gaban ƙannensa cewa sabon idona da damisa zan buɗe shi.

Na biyu. Likitan da ya yi mini aiki ya ja mini kunne ta bakin tafinta. Ya ce kada in cire baƙin tabarau cikin rana, kuma in na fara ganin layi-layi inda babu layi, to aiki ya ɓaci, in koma da gudu. Riƙe wagga magana, Manaja, za ta dawo.

Na uku. Dajin kam ba ku yi ƙarya ba. Anka ɗora mu a mota marar rufi, ni da autana Nasiru da wasu Turawa masu na'urar hoto awa turmi. Na ga tafki shimfiɗe, kada kwance bakin ruwa ya saki baki awa ma'aikaci ranar Litinin. Na ga barewa garke-garke, masu ɗigo fari a jiki, ba mai jifarsu. Na ce wa Nasiru da a gefen Sakkwato suke da tuni sun zama kilishi. Na ga ɗawisu na yawo a ƙasa awa kajin gidan kowa. Akwai wani itace irin ceɗiya, saiwoyinsa na saukowa daga sama, inuwarsa za ta ɗauki ɗaurin aure da suna a lokaci guda.

Daga nan anka hau da mu wani tsohon birni bisa dutse, na sarakunansu na dauri. Ganuwa ta dutse, ƙofofi tsaye, har da kufan masallaci da rijiyoyi. Na tuna Ƙofar Taramniya ta nan Sakkwato, wadda in baƙo ya ce a nuna masa ƙofar sai a nuna masa mai sayar da katin waya. Ina cikin wanga tunani sai wani biri mai baƙar fuska ya diro kafaɗata, ya zare tabaran likita, ya haye ganuwa ya zauna yana gwadawa. Wallahi ya fi ni kyau da shi. Ɗan rakiyar da kunka haɗa mu da shi, maimakon ya ƙwato, hoto ya tsaya ɗauka. A takardarku ba ku ce akwai ɓarayi ba.

Na huɗu, kuma nan ne gizo ke saƙa. Da la'asar muna komowa, ido tsirara cikin rana, sai direba ya kashe mota. Birai sunka ɗau kuka, barewa sunka daskare. Ɗan rakiya ya nuna ciyawa, Nasiru ya raɗa mini cewa Inna ga damisarki. Na buɗe sabon ido na duba. Ga dabba ta fito, ƙatuwa awa maraƙi, ja, tana tafiyar ƙasaita. Na nemi ɗigo, babu ko ɗaya. Layi-layi ne tun daga wuya har wutsiya, awa yadin katifa.

Manaja, nan take na tuna gargaɗin nan. Na ce shi ke nan, rana ta dafa idon, ga layin da likita ya faɗa. Na ja mayafi na rufe fuska don in ceci abin da ya saura. Dabbar nan, in ji Nasiru, ta sha ruwa, ta yi miƙa, ta yi hamma, ta zagaya motarmu awa mai neman haya. Turawa har da hawaye. Ni kuwa ina cikin mayafi ina Hasbunallahu, ban ga komai ba sai zaren mayafina.

Ban gaya wa yaron ba. Ya bar aikinsa da ɗiyansa, ya kwana kan kujerar asibiti dominna, in ce masa biri ya ɓata wahalarsa? Na haɗiye. Munka koma masauki, ga hoton dabbar a bango, layi. A kofin shayi, layi. A tawul ma layi. Kowanne na gani sai in ce ciwo na ƙaruwa. Abinci ya ƙi shiga. Har na fara haddace fuskar Nasiru don in tafi da ita cikin duhu. Sai ranar da za mu taso na daure na tambaye shi da dabara, ko ɗigon nata manya ne ko ƙanana. Ya dube ni ya ce wane ɗigo, Inna, ai wagga ba irin tamu ba ce, da zanenta Allah ya yi ta. Yaron nan ya yi dariya har ya shaƙe, da ya gane abin da na kwana da shi kuma ya koma kuka. Ni dai ludayi na nema in kwaɗa masa, ban samu ba.

Na biyar. Na dawo gida na tarar hoton da ɗan rakiyarku ya ɗauke ni ya riga ni. Kun manna shi, kun rubuta a ƙasa wai damisar Indiya mai sa tsofaffi ɓuya. Yanzu in na ce ga ta nan ga ta nanku, Abdullahi sai ya ja zanen gado ya rufe kai, ƙannensa su fashe da dariya. Matar da ta yi rarrafe kan fatar damisa, yau ita ake kira matsoraciya a gidan mijinta.

Don haka ga buƙatuna. Ku cire hoton, ko ku rubuta gaskiya a ƙasansa: wagga tsohuwa ba tsoro ta ji ba, fassararmu ce ta rufe mata ido. Ku daina kiran kowace kyanwa mai ƙiba damisa. In ba ku da suna, na raɗa mata, Mai Yadin Katifa, kuma ban nemi tukuici ba. Ku gargaɗi majinyata game da birai. Na ƙarshe, ka zo da ƙafarka Unguwar Rogo bayan magariba, ka durƙusa gaban maigidana Abdullahi ka wanke ni, domin shi shaidar mace ɗaya ba ta isarsa. Akwai fura, ba zan sa maka komai ciki ba.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya raya maka zuri'a, ya tsare idonka daga yana. In kuwa ta zo, Allah ya sa a yi aiki lafiya, a kuma kai ka kallon damisa.

Wassalam.

Kakarka, Hajiya Ige,
Unguwar Rogo, Sakkwato.