Kunyar Ɗan Fari a Filin Lilo

Batsari,
tsakiyar watan Azumi, 1400.

Zuwa ga ɗiyata Asta, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Muntaka da ɗan angona Uwaisu. Yaya ibada, yaya baƙunci, yaya kuma goyo? Allah ya karɓi azuminmu, ya raya mana yaron nan bisa tafarkin Musulunci, ya tsare ku daga sharrin abin da kuke gani da wanda ba ku gani. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya fitar da kai, gyaɗar da aka shuka a Karare ta rufe ƙasa. Babanki Hamma yana wajen Ruma da shanu, ya ce in gaya maki karsanar da ya ba Uwaisu ranar suna ta yi ƙiba har ba ta jin sanda. Ƙafar innarki Kulu ta yi sauƙi, tana zuwa rijiya da kanta. Ƙanwarki Hussaina kuwa karatu ya zauna mata, sai dai surutu bai ragu ba.

Takardarki ta zo ta hannun Jafaru direba, wanda ke kai shanu Kudu, kuma shi zan ba wannan. Na ji daɗi da kika rubuta da ajamin da na koya maki, na karanta abina ba tare da na nemi kowa ba. Ke ma ki karanta wannan ke kaɗai, akwai maganar da ba ta maza ba ce. Na ga inda kika ce Muntaka ya sami hutun Salla a wurin aikinsa na tashar jiragen ruwa, kuma ya aiko a kawo mashi mahaifiyarsa Inna Larai daga Runka, tare da wansa Salmanu, don su yi Salla da ku. Kika ce washegarin Salla zai kwashe ku duka zuwa wani filin wasa, inda akwai lilo mai hawa da mutane sama kamar ƙafar keke, da dawakin katako masu zagayawa, da ƙananan motoci masu karo da juna. Na maimaita wurin nan na motocin, don na zaci idona ne. Allah mai iko. Ni dai ban taɓa gani ba, ba kuwa zan ce haramun ne ba, tunda ɗa ne ke son faranta ran uwarsa. Amma za ku tafi da jinjirin da bai wuce wata huɗu ba, shi ya sa na zauna na ɗauko tawada.

Ki roƙi Muntaka ku fita da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi kuma kafin jama'a su cika. Na ji an ce zafin Ikko mai gumi ne, jinjiri kuwa ba ya cewa ya gaji, sai dai ki ga ya yi laushi. Kada ki naɗe shi da kayan Salla masu nauyi don a ce ya yi kyau. Riga mara nauyi da 'yar hula sun isa, in an gama hoto a cire sauran. Ki ɗauki lema, tunda damina ce, ta tare maki ruwa ta tare maki rana. Ki ɗauki zannuwa na canji fiye da yadda kike zato, da tsummoki masu tsabta, da tafasasshen ruwa a filas don wanke mashi jiki. In kin goya shi ki ƙara majanyi a kan zanen ki ɗaure tamau, kuma ki riƙa kai hannu baya kina taɓa tafin ƙafarsa, nan ne za ki ji in zafi ya yi mashi yawa. Idan kuka shiga cunkoso ki sauko da shi ki rungume a ƙirji, don mai goyo ba ta ganin gwiwar hannun da ke bayanta.

Abin hawa kuwa, Asta, ko wane iri ne, kada ki hau da shi. Wuyansa bai tsaya ba, maɗigarsa ba ta rufe ba. Ko an ce maki a hankali yake tafiya, ko kin ga wata ta hau da nata, ke dai ki tsaya a ƙasa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ranki ya biya, ban hana ki ba, yarinya ce ke. Ki ba Inna Larai shi a inuwa, ki hau ki sauko. Amma ita kaɗai ko ubansa. Kada ki miƙa shi ga wadda ba ki sani ba don ta yi maki fara'a ta ce kawo in riƙe maki. Ki nisanta shi da bakin lasifika, kunnen jinjiri ba ya ɗaukar abin da namu ke ɗauka. Kada kowa ya lasa mashi lemon kwalba ko wannan daskararriyar madara mai sanyi, ko da Salmanu ne, na san shi da son ba yara abu a baki. Tun a ƙofar shiga ku yi magana a kan inda za a haɗu in an rabu. Kafin ku fita gida ki tofa mashi addu'ar tsari da na koya maki, in kun dawo ki sake. Ke ma ki ci ki sha sosai, abin da kika sha shi yake sha. Ko a azumin nan, in kin ga nono yana ja baya, ki sha azumin ki rama daga baya, an yi wa mai shayarwa sauƙi.

To, duk wannan na san za ki kiyaye, ke mai hankali ce tun kina ƙarama. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Na karanta takardarki daga sama har ƙasa, kin ba ni labarin ruwan famfo da wutar lantarki da maƙwabciyarki Bayarbiya mai koya maki miya, amma Uwaisu sai a ƙarshe kika ce wai "na gidan ma lafiya". Ban ga laifinki ba. Ɗan fari ne, haka muka taso muka iske, haka innarki ta yi maki, shi ya sa ma kika girma a ɗakina. Sai dai ban manta ranar da mutanen Runka suka zo ganinku ana saura kaɗan ki gama wankan jego ba. Kina zaune bakin ƙofa kin sunkuyar da kai, yaron yana tsala kuka a kan tabarma har muryarsa ta dushe, gaban rigarki ya jiƙe sharkaf da nono, amma kin ƙi ko kallon inda yake don surukarki tana wurin. Sai da na ƙirƙiro aike na ce ki shiga ɗaki ki ɗauko mani faifai, sannan na bi ki da shi. A nan gida akwai ɗaki, akwai ni. A filin nan da za ku je babu ɗaki, babu ni, ga Inna Larai a damanki, ga Salmanu a hagunki, wuni guda. Na san ki, za ki bar shi ya yi ta kuka kina jijjiga shi a baya kina cewa barci yake ji. Jinjiri cikin zafi in ya wuni bai sha ba, ba kuka kaɗai abin ke tsayawa ba.

Na yi ta juya maganar a raina, har na ga ba ta da magani sai a wurin mai ita. Ranar kasuwa na hau a-kori-kura na tafi Runka da bakin azumina. Na iske Inna Larai a tsakar gida tana tsinke zogale, ga akwatin tafiyarta an riga an fito da shi an goge, wai kada a manta da shi. Muka gaisa, muka tambayi gida da gona da dabbobi, na kama mata tsinkar zogalen, har muka kusa cika ƙwarya ban iya buɗe baki ba. Ita ce ta dube ni ta ce ta san ni Zuwairatu ba na hawa mota da azumi don in tsinke ganye, in faɗi abin da ya kawo ni. Sai na faɗa mata, ina kallon ƙasa kamar ni ce surukar.

Ba zan ɓoye maki ba, da farko ba ta ji daɗi ba. Ta ce ita da ta haifi Salmanu har aka yaye shi ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban uwar mijinta ba, ga shi nan kuwa ƙato bai mutu ba. Ta ce abin da ya sa take alfahari da ke a cikin matan Runka shi ne kunyar nan taki, yanzu kuma a ce ita da bakinta za ta ce maki ki ajiye? In Salmanu ya dawo ya ba matarsa labari, matarsa ta kai rijiya, sai a ce Ikko ta cinye 'yar Hamma. Na ce mata gaskiya ta faɗa, kuma ni ma ba na son a taɓa sunanki. Amma na tambaye ta, lokacin da take goyon Salmanu, an taɓa fita da ita wuni guda inda babu zana babu bango? Na ce kunya ado ce kuma tana cikin imani, amma nono hakkin yaro ne da Allah ya ɗora, kuma shi ba a tambaye shi ba aka kai shi kallon lilo.

Ta daɗe tana murza ganye a hannu, har na fara neman takalmana. Can sai ta yi dariya, ta ce wato ita za ta sha wahalar mota har bakin teku don ta ga mijinta Uwaisu, sannan a bar shi da yunwa saboda ita? Ta ce ai sai ya sake ta tun ba ta huta gajiya ba, ta dawo Runka da zawarci da tsufa. Ta ce ba za ta ce maki ki daina kunya ba, wannan ba zai fito daga bakinta ba, kuma kada ki sa ran za ta nuna ta san da maganar nan. Amma ita baƙauya ce mai son kallo. Duk lokacin da ta ji yaron ya fara ƙananan kuka, za ta ce wa Salmanu da Muntaka su tashi su kai ta ta ga dawakin nan na katako, kuma ba za ta gaji da kallo da wuri ba. Ta ce in dawakin sun ishe ta za ta koma wajen motocin da ke karo, tana son ta ga ko akwai mai biyan diyya.

Saboda haka, ɗiyata, in kin ji ta ce a kai ta kallo, kada ki miƙe ki bi su don ladabi. Ki nemi inuwa ki zauna, ki juya baya ga jama'a, ki yafa mayafinki ki ba shi ya sha har ya saki da kansa. Kada ki yi gaggawa, ta yi alkawarin jan ƙafa. In sun dawo kada ki yi mata godiya, za ki kunyata ta, ki dai karɓi jakarta ki tambaye ta yaya kallo.

Saura abu guda, shi ne wanda na fi so ki riƙe. Inna Larai tsohuwa ce, wuri ne kuma mai ruɗu. Tana iya shagala da gaske ta manta, ko hayaniya ta hana ta jin kukan, ko ruwa ya sauko ku taru duka a rumfa ɗaya babu inda za a je. In haka ta faru kada ki jira. Ki zauna a inda kike, ko gaban wa, ki rufa ki ba shi. Na san zai yi maki nauyi kamar ƙasa ta tsage ki shige, amma nauyin na ɗan lokaci ne. Ni na raine ki, ni na koya maki kunyar, ni ce kuma yau na ce ki yi. In maganar ta biyo mota ta iso Batsari, ƙofata za ta fara ƙwanƙwasawa, ni zan amsa ta, kuma na riga na gaya wa babanki haka. Shi dai cewa ya yi a gaishe da mai karsana.

Innarki Kulu tana gaishe ki, ta ba Jafaru man shanu da daddawa ya kawo maki, ki duba kada man ya zube a hanya. Hussaina da Ramatu suna gaisuwa, sun ce a aiko masu da hoton lilon. Goggonki Uwani ta Karare tana sa maki albarka. Ki gaishe mani da Muntaka da kyau, ki ce na gode da riƙon da yake yi maki, Allah ya ƙara buɗi. Ki gaishe da maƙwabciyarki mai miya. Angona kuwa ki shafa mani kansa in babu kowa a ɗakin. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya nuna mana Salla da rai da imani. Wassalam.

Ni ce goggonki,
Zuwairatu.