Kaucin Lemon Manniru

Litinin, 3 ga Yuni, 2024

Kauci ya fito a jikin lemon da mijina Manniru ya shuka shekarar da muka tare a Dutse Alhaji. Aikina ke nan a ofis, tantance tsirrai, amma sai da ya yi kamar kwando a kan babban reshe sannan na gan shi. Tun rasuwarsa ban ɗaga kai a tsakar gidan nan ba.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ganyen kaucin ya fi na waɗanda na saba gani kauri. Na kai wa Oga Thaddeus, shugaban sashenmu, ya jujjuya. "Hajiya, sai ya yi fure. Ganye ba ya faɗin gaskiya. Kar ki taɓa shi fa, wataƙila ba a taɓa rubuta shi a Abuja ba."

Mu Hausawa mun huta, da itacen da ya hau muke kiransa: kaucin lemo, kaucin kaɗanya, shi ke nan. A wajen aiki kuwa sai an ga leɓen furen, ko ya lanƙwashe baya kamar na jinsin Tapinanthus, ko ya miƙe kamar na Agelanthus.

Asabar, 29 ga Yuni

Ba fure. Na gaji.

Talata, 16 ga Yuli

Maƙwabciyata Madam Prudence ta leƙo ta kan katanga, wai in tsinko mata ganyen kaucin ta dafa saboda hawan jini. Na hana. Ta ce, "To ki sare shi mana! Wannan abu yana shan jinin lemon maigidanki, ke kina kallo."

Na sani. Tsuntsu ne ya goge ƙwallon kaucin a reshe, saiwar ta kutsa har cikin itacen tana zuƙe ruwa. Tsige shi ba ya magani, sai an sare reshen gaba ɗaya. 'Ya'yan lemon da ke wannan ɓangaren duk sun zube tun suna ƙanana.

Lahadi, 4 ga Agusta

Ganyen ɗaya reshen ma ya fara rawaya. Oga ya ce in ƙara haƙuri, furen ya kusa. Na ce to. Kullum to nake cewa.

Anya ma furen nake jira? In dai ina jiransa, ba wanda zai ce in sa ƙarfe a jikin abin da Manniru ya dasa da hannunsa.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na ari zarto wajen Prudence. Ta ce bari mijinta ya zo ya yi min, na ce a'a. Hannuna ya yi kanta, na yi kuka, reshen ya faɗo da kaucinsa, ko toho ɗaya na fure babu. Rabin lemon ya tafi, rana ta cika tsakar gidan.

Oga ya bugo waya yana tambayar wane iri ne. Na ce ban sani ba, kuma ba zan sani ba.

Gobe zan nemo wa lemon taki a hanyar Bwari.