Tulun Jan Waken Uwar Mijina

Malam Gwak, ka cece ni. Uwar mijina ta kwanta asibiti a birnin Wonju saboda gwiwa, ta damƙa mini tulun irin jan waken da ta gada daga tata surukar. Babu irinsa a kaf ƙauyenmu. Ta ce, "Ke 'yar birni, ko ɗana ban yarda ya leƙa ba." Da dusar ƙanƙara ta sauka na tausaya wa waken, na ɗauko shi daga rumbu, na ajiye inda daɓen ɗakinmu, da ake hura wuta ƙarƙashinsa, ya fi ɗumi, wurin da ake shimfiɗa wa babban baƙo. Jiya na buɗe, ƙwari suka taso mini. Wake duk huda, gari a ƙasa. Ko na rufe, ji nake kamar suna motsi. Uwar mijina za ta dawo kafin bikin Dongji na tsakiyar hunturu ta dama fatensa, ta yayyafa a ƙofa don korar mugun abu, sauran kuma ta shuka. Idan irin ya ƙare a hannuna fa? Ko in sayo na kasuwa in cika?

Suruka Mai Fargaba

'Yata, a shaida wa duwatsu da koguna: tun da aka fara hura wuta ƙarƙashin daɓe, ba a taɓa karrama ƙwaro kamar yadda kika karrama shi ba.

Ga hukunci. Ƙwayayen ƙwarin daga gona suka biyo waken, wannan ba laifinki ba ne. Naki shi ne kin tashe su da ɗumi. Ita kuma ta ba ki amana ba tare da bayani ba.

Ki tankaɗe, ki tsince marasa huda, ki toshe su a kwalba, ki mayar cikin sanyin rumbu. Ki jera kaɗan a jiƙaƙƙen ƙyalle. In sun tsiro, iri na nan da rai, tafi ɗaya ma ya isa. Na kasuwa kuwa, kul! Tsohuwa ta san wakenta a harshe, kuma gauraya ce za ta kashe irin har abada. Ki kai mata tsiron asibiti ki faɗi gaskiya. Za ta yi faɗa, amma da tsiro a hannunta. Ina miki fatan damina mai albarka.

Saboda dariyar da ta kuɓuce mini wajen shimfiɗar baƙo, na ci kaina tara: zan tsince kwanon wake guda da tsinken cin abinci, ba tabarau.